Wasiƙar Suhail a Shafin Baffa Tanko

A wani tsohon gida da ke Ƙofar Kibo, irin gidan nan da sai ka wuce zaure uku kafin ka ga tsakar gida, akwai wani ɗan ɗaki a gefen zaure na biyu. A da buhunan gero ake jibgewa a cikinsa. Yanzu Suhail ne a ciki, shi da wata baƙar kwamfuta da ya sayo a gwanjo, mai nauyin turmi, wadda ke gurnani kullum kamar an ɓata mata rai.

A ido kwamfuta ɗaya ce. Amma Suhail ya raba cikinta ya fitar da kwamfutoci huɗu, kowace tana aikinta, kowace tana zaton ita kaɗai ce a duniya. Shi ɗakuna yake ce musu. Ɗaki na farko yana ɗauke da shafin Baffa Tanko, wan mahaifinsa kuma mai gidan, wanda ke sayar da manyan riguna ɗinkin hannu har Kumasi da Yamai. Na biyu na Gwaggo Batul ne, mai turaren wuta da humra. Na uku shi ke karɓar imel na duk gidan ya rarraba. Na huɗu kuwa ba wanda ya san da shi.

Kamfanin da ke ba su intanet adireshi ɗaya tak ya ba shi, lambar nan da mutanen waje ke iya samun ka da ita. Ya je ofishinsu sau uku yana roƙon ta biyu. A zuwa na uku mutumin ya cire gilashinsa ya ce masa, "Malam, irin lambobin nan sun kusa ƙarewa a duniya gaba ɗaya. Ka riƙe wadda ka samu, ka gode wa Allah."

Sai Suhail ya ajiye wata 'yar manhaja a bakin ƙofa, ya raɗa mata suna Mai Gadi. Duk baƙon da ya shigo ta wannan adireshi ɗaya, Mai Gadi zai duba sunan shafin da yake nema ya tura shi ciki. Mai neman riguna, lamba goma sha ɗaya. Mai neman turare, sha biyu. Wasiƙu, sha uku. Mai Gadi bai san kowa ba, lamba kawai ya sani. Lambobin cikin gida kuwa ana raba su ne duk lokacin da aka kunna kwamfutar: ɗakin da ya fara tashi shi ke karɓar sha ɗaya, na bayansa sha biyu, haka har ƙarshe.

Mai hankali da tuni ya kafe wa kowane ɗaki lambarsa ta dindindin. Suhail ya yi niyya. Abin da ya sa bai taɓa buƙata ba shi ne Baffa Tanko, wanda ya leƙo ɗakin tun makon farko, ya saurari bayani hannu a baya, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"To idan an kawo wuta, wa ke fara tashi?"

"Duk wanda ya riga, Baffa."

"A gidan nan? Ka taɓa ganin an kawo tuwo wani ya riga ni sa hannu?"

Ranar Suhail ya tsara tashin ɗakunan bisa girma. Na Baffa ya tashi, a jira minti ɗaya, na Gwaggo ya tashi, sannan na wasiƙu. Shekara biyu lambobi ba su taɓa kuskure ba, saboda ladabi ya riƙe su.

Ɗaki na huɗu, autan ɗakuna mai lamba sha huɗu, ba komai a cikinsa sai wasiƙa ɗaya zuwa ga Radiya.

Wayyo, Radiya. Tare suka yi karatu a Samaru. A shekara huɗu ya gyara mata kwamfutarta sau bakwai, uku daga ciki ba abin da ya lalace, shi ne ya ce yana jin wani sauti. Duk lokacin da ya buɗe baki zai faɗa mata abin da ke ransa, sai ya ji kansa yana yi mata bayanin batir. Da ya ga bakin nan ba zai taɓa yi masa amfani ba, sai ya koma ga rubutu. Ya karanta duk littafin soyayya da ya faɗo hannunsa, na Hausa da na Larabci da na Turanci, ya zauna wata huɗu yana zubo zuciyarsa, har wasiƙar ta kai shafi goma sha ɗaya, kowane da ɗan maɓallin "ci gaba" a ƙasa. A shafin ƙarshe ya sa akwatin amsa mai turowa kai tsaye zuwa imel ɗinsa. Kunya ta hana shi sa sunansa. "Wanda kika sani," haka ya rufe.

Ya yi wa wasiƙar adireshinta na musamman, ya rubuta a 'yar takarda, takardar ta yi wata guda a aljihunsa har ta yi laushi. Ga shi ranar Asabar Radiya za ta tafi bautar ƙasa can Kudu, shekara guda cur. In bai miƙa ba kafin Asabar, ya san kansa, ba zai taɓa miƙawa ba.

Ranar Laraba da hantsi yana zaune yana kallon takardar, sai ya ji takun Gwaggo Batul, ƙamshin sandal na gabanta.

"Suhailu, wai da gaske ne ko a cikin wannan akwatin naka Tanko ne ke fara tashi?"

Ashe Baffa ne ya yi alfahari da zancen a wajen wani suna, magana ta zagayo. Shi da Gwaggo 'ya'yan wa da ƙane ne, an haife su rana ɗaya a cikin gidan nan shekara sittin da takwas da suka wuce, kuma duk waɗanda suka san wanda ya riga sun rasu.

Kafin Suhail ya amsa Baffa ya iso daga zauren farko, allura maƙale a gaban rigarsa.

"Ki bar yaro ya yi aikinsa, Batul."

"Ni kafin kiran assalatu aka haife ni. Kai sai da rana ta take. Inna ta sha faɗa min."

"Ni aka fara yanka wa rago."

"Don ragonka ya fi kusa da mahauci. Sunanka ma fa Tanko, ƙanen mata."

"Matan ɗakinmu. Ba ke ba."

Suhail na tsugune a tsakaninsu, kansa na juyawa dama da hagu. Gwaggo ta ce in ba a sa ta gaba ba a cire mata turarenta daga akwatin, ta koma aika yara talla. Baffa ya ce in aka taɓa masa matsayi a nemi wani ɗakin a kai akwatin, gero ma na neman wuri.

"Baffa, Gwaggo," in ji Suhail, "ga shawara. Daga yau babu na farko. Duk tare za su tashi, lokaci ɗaya, kamar sahun salla."

Kowa ya auna ya ga ɗayan bai ci ba.

"Ni dai ba a bayansa nake ba," in ji Gwaggo, ta juya.

"Sahu ma ai da liman," in ji Baffa, amma a hankali, bayan ta yi nisa.

Suhail ya goge tsarin jiran nan da layi ɗaya. Lambobi ko kusa ba su faɗo masa a rai ba. Ransa na Gyallesu, unguwar su Radiya.

Washegari Alhamis bayan azahar ya sa farar shadda, ya hau keke napep, hadari na haɗuwa ta gabas. Ya tarar da Radiya a ƙofar gidansu tana karkaɗe wata babbar jaka.

"Malam Suhail. Wani sautin ka ji kuma?"

"A'a. Wato... batir ɗinki yana riƙe caji?"

"Yana riƙewa."

"Madalla. Madalla." Ya zaro takardar da hannu biyu kamar mai miƙa takardar asibiti. "Ki buɗe wannan adireshin in kin samu sarari. Duk abin da ke zuciyata yana nan."

Ta karɓa, ta dubi takardar, ta dube shi. Bai tsaya jin komai ba. Ya yi sallama ya juya da sauri har ya yi tuntuɓe da dakali.

Bai kai titi ba ruwa ya kece da iska. Ya fake a rumfar wani mai gyaran takalmi. A can Ƙofar Kibo wuta ta ɗauke, tsohon batirin da ke riƙe masa wuta ya yi iya ƙoƙarinsa na minti ashirin ya sare, baƙar kwamfuta ta yi shiru. Da ruwa ya tsagaita aka maido wuta, ɗakuna huɗu suka yunƙura tare kamar yadda aka umarce su. Autan ɗakuna ba shi da kaya sai wasiƙa, ya yi wuf ya miƙe ya karɓe sha ɗaya. Na Gwaggo ya zo na biyu, na wasiƙu na uku. Na Baffa, da hotunan riguna ɗari huɗu a kansa, ya taso a ƙarshe yana nishi ya tarar saura sha huɗu. Mai Gadi kuwa ya ci gaba da aikinsa bilhaƙƙi: mai neman riguna, sha ɗaya.

Suhail na cikin keke a hanyar gida wayarsa ta yi ƙara. Saƙo daga akwatin amsa. Duniya ta tsaya masa cak. Ya rufe ido, ya yi addu'a, ya buɗe ɗaya.

"Malam Tanko, na shigo duba riga mai aska tara sai na tarar da wannan. A shekarunka? To Allah ya sanya alheri. Amma wace ce Radiya? Naka, Alhaji Ɗanjuma, Kumasi."

Bai gama fahimta ba wani ya shigo. "Shafi na shida ya sa ni kuka. Rigata fa, an gama?" Wani kuma daga Yamai: "Baba Tanko, in ta ƙi, akwai ƙanwar matata."

"Direba," in ji Suhail da wata murya da ba tasa ba, "don Allah taka."

Tun daga bakin lungu yake jin muryar Baffa. Ya tarar da shi tsaye a zauren farko, waya a tafin hannu, a buɗe yadda kowa zai ji, don Baffa bai yarda da kara waya a kunne ba.

"Na ce maka ba ni ba ne, Alhaji. Ni na san wata fitilar mota?"

Gwaggo na zaune a kan 'yar kujera, gilashi a karan hanci, tana karantawa daga tata wayar da ƙarfi, kafaɗunta na rawa. "'Idanunki, ya Radiya, fitilu biyu ne na motar da ta taho min a hanyar Kaduna, na tsaya a tsakiyar titi ban kauce ba.' Tanko, ashe haka kake? Marigayiya matarka ko sau ɗaya ba ta ba mu labari ba."

Baffa ya kashe wayar, ya juyo, ya ga Suhail jiƙe sharkaf a bakin ƙofa. Ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ba wanda ya yi tambaya. Fuskar Suhail ta riga ta sa hannu a wasiƙar.

"Yanzu zan gyara, Baffa. Minti ɗaya."

Ya faɗa ɗakinsa, ya ja kujera. Kallo ɗaya ya yi wa lambobin ya gane komai. Ya kuma gane abin da ya fi muni: in masu neman riguna suna ganin wasiƙa, to mai neman wasiƙa riguna take gani. Shafin farko na Baffa kuwa hoton Baffa ne da kansa, cike da allo, cikin shuɗiyar babbar riga, ya buɗe hannuwa yana murmushi da haƙorin makka.

Ya rubuta umarnin gyara. Saura ya danna. Sai wayar Baffa ta sake ƙara a zaure, wata murya ta fito wadda Suhail zai gane ko a tsakiyar kasuwa.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni? Sunana Radiya. Na ga lambar nan ce a ƙarƙashin hotonka."

Har kujerar Gwaggo ta daina ƙara.

"Lafiya lau, 'yata," in ji Baffa, murya ta sauko. "Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau. Baba, Suhail ne ya ba ni wani adireshi, ya ce duk abin da ke zuciyarsa yana nan. Na buɗe na gan ka. Na duba riguna har ɗari da wani abu ko zan ga bayani, ban gani ba. Shi ne na ce ko kai ka san abin da yake nufi."

Suhail ya kifa goshinsa a kan tebur.

Baffa ya yi gyaran murya. "'Yata, kaya ne suka sauka a gidan da ba nasu ba. Naki yana wajena. Kina da abin rubutu? Rubuta adireshina." Ya karanto mata shi harafi harafi, sau biyu. "Ki buɗe yanzu. Ki samu wuri ki zauna, da ɗan tsawo."

Ya kashe, ya taho ƙofar ɗakin, ya ga yatsan Suhail a kan maɓalli.

"In ka danna wannan me zai faru?"

"Komai zai koma daidai. Shafinka zai dawo."

"Ita kuma da na tura shafina yanzu, me za ta gani?"

Suhail ya ce, "Kai za ta gani, Baffa."

"To ɗauke hannunka. Yarinyar nan ta gan ni ya isa haka."

"Baffa, mutum arba'in da uku ne a ciki yanzu. Duk suna karantawa."

"Da ka faɗa mata da baki ai da mutum ɗaya ne."

Haka Suhail ya zauna, hannuwa a cinya, zuciyarsa a shanye a gaban Kumasi da Yamai da duk wanda ke son babbar riga a wannan yammacin. A allo yana ganin layuka na gudu, wani ya shiga shafi na uku, wani na takwas, wani ya koma na shida. Ba shi da hanyar sanin wace ce ita a ciki. Ya zaɓi wani layi da ke tafiya a hankali ya ce a ransa ita ce, ya bi shi da ido har shafi na tara, sai ga amsa daga mai layin: wani tela ne a Funtuwa, yana tambaya ko zai iya aron sakin layi biyu.

Gwaggo ta jawo kujerarta bakin ƙofa. "Na bakwai ɗin nan ya yi yawa, Suhailu. Ka kwatanta ta da wata, ka kwatanta ta da rijiya, ka dawo ka kwatanta ta da ɗakin karatu. Mace ba ta son a yi ta yawo da ita haka."

"Ki bar shi," in ji Baffa. Ya kashe wayarsa gaba ɗaya ya jefa aljihu. Bayan ɗan lokaci ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Na huɗun dai ba laifi."

Aka yi kiran la'asar. Suka je masallaci suka dawo, Suhail bai san surar da ya karanta ba. Saƙo goma sha tara ya tarar. Na goma sha bakwai gajere ne.

"Na gama. Ka mayar wa Baba shafinsa. Asabar ƙarfe bakwai na safe, tashar motocin Kudu. Ka zo da bakinka."

Ya karanta sau biyar. Ba e, ba a'a. Ya danna maɓallin, ya kafe wa kowane ɗaki lambarsa, ya rufe na huɗu, sannan ya kwana biyu yana magana da bango.

Asabar tun shida da rabi yana tasha. Ƙasa duk caɓi, masu shayi na ta hayaƙi. Radiya ta iso da yayarta da jakunkuna uku. Yayar ta gaishe shi da wani irin murmushi da ya nuna ita ma ta kai shafi na goma sha ɗaya, ta ja gefe wai za ta sayi ruwa.

Radiya ta ɗora masa babbar jakar a hannu. Motar saura mutum ɗaya, kuma ita ce. Direba na buga gefen ƙofa.

"To, Malam Suhail. Mutanen Kumasi sun riga ni sani. Yanzu faɗa min, a gajarce."

Ya buɗe baki. Ya ji kalmar batir ta taso har maƙogwaro, ya danne ta da ƙarfi.

"Ina son ki," ya ce wa jakar.

Wata tsohuwa ta leƙo ta tagar baya. "Ɗan nan, mu nan ba mu ji ba."

Suhail ya ɗago kai. Mutum goma sha bakwai na kallonsa ta gilashi, har da ɗan kwandasta da ya daina ɗaure kaya. Ya dubi Radiya, ido cikin ido, karo na farko a shekara huɗu.

"Ina son ki, Radiya. Ina so in aure ki."

"Yawwa," in ji tsohuwar, ta koma ta zauna.

Radiya ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, amma idanun sun tona ta.

"Ni ma," ta ce a hankali. "Zan dawo hutu watan Maulidi, Babana yana gida. Miƙa wa kwandasta jakar nan, kuma a tsaye, akwai man shanu a ciki."